Lafiyar Direba da Hatsarin Mota

In mota ta faɗi a ƙasar wani hakimi, abin da aka saba rubutawa cikin rahoto shi ne taya ta fashe, ko birki ya tsinke, ko hanya ba ta da kyau. Da wuya ka ga an rubuta cewa direba ne ba shi da lafiya, alhali kuwa sau da yawa motar lafiyarta lau, mai riƙe da sitiyari ne ya gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke halaka a kan hanyoyin mota kowace shekara. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san cututtukan da kan sa direba ya zama abin tsoro ga jama'a.

Mu fara da ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita wajen 28 cikin sakan guda. Watau in direba ya yi gyangyaɗi na sakan 3 kacal, motar ta yi tafiyar fiye da mita 80 ba kowa a kanta. Cikin wannan tazara akwai yaro mai kora awaki, akwai mai amalanke, akwai kuma wata motar cike da 'yan kasuwa.

To, barci shi ne babban abokin gāba. Direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Legas, tafiyar wajen kilomita 1,000, yakan so ya kai ya juyo ba tare da ya kwanta ba, don a biya shi sawu biyu. Masana sun gwada, sun tarar mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba hankalinsa kan dushe kusan kamar na wanda ya ɗan sha giya. Goro da shayi sukan ture barci na ɗan lokaci, amma ba su biyan bashinsa. Mafi muni su ne ƙwayoyi irin su tiramadol, waɗanda wasu ke sha wai don ƙarin ƙarfi. Suna rage hanzarin mutum, kuma in an sha da yawa har sukan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin tari mai kodin shi ma haka yake kashe jiki, Gwamnatin Tarayya kuwa ta hana yinsa da shigo da shi tun 2018. Kai, har maganin mura na halal da likita ya rubuta, akwai wanda ke sa barci, lalle direba ya tambaya kafin ya sha.

Sai ido. Yanar ido takan sa hasken fitilar motar da ke tahowa ya watsu a idon direba, ya rasa gane gefen titi. Mai dundumi kuwa rana tana faɗuwa ya kamata ya kashe mota. Amma wadda ta fi yaudara ita ce cutar da likitoci ke kira gilakoma. Ba ta cika yin zafi ba, daga gefe take fara cin gani, a hankali a hankali. Mai ita yana hangen gabansa sarai, yana iya rantsuwa idonsa garau, amma ba ya ganin mai keke da ya ɓullo ta dama sai ya buge shi. Abin da ta cinye ba ya dawowa, sai dai in an gano ta da wuri a tsare sauran da magani. Awo a asibitin ido kaɗai ke tona ta, shi ya sa ake so direban da ya wuce shekara 40 ya riƙa zuwa awo ko ba ya jin kome.

Mai ciwon sukari yana iya tuƙi in yana kiyaye ka'ida. Hatsarinsa shi ne ya yi allurar insulin ko ya sha ƙwaya sa'an nan bai ci abinci ba. Sai gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, tunani ya rikice, wani ma ya suma. Da ya ji alama ya tsaya, ya sha wani abu mai zaƙi, ya jira ya dawo daidai. A watan azumi ya nemi shawarar likita da ta malamai, tun da shari'a ta yi sauƙi ga mara lafiya da matafiyi. Hawan jini kuma kan zauna shiru har ran da zai kawo shanyewar jiki. Mai farfaɗiya bai kamata ya ja motar haya ba sai da yardar likita.

Ba da lasin da duba direbobi aikin hukuma ne, musamman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wadda aka kafa a 1988. Amma hakimi ya fi ma'aikacin hukuma sanin mutanensa. Dagatai da masu unguwa sun san wanda ya taɓa faɗuwa a kasuwa, da wanda ba ya gane mutane bayan magariba. Ya kamata hakimi ya kira shugabannin tasha ya yi musu nasiha, mai larura kuwa a ja shi gefe cikin sirri a tura shi asibiti. In aka kunyata shi a bainar jama'a, sauran za su ɓoye nasu ciwon don tsoron rasa abinci.

Malami kuma, in zai rubuta rahoton hatsari, ya sa lokacin da abin ya auku, da inda direban ya taso, da awa nawa ya yi bai kwanta ba, da ko yana shan wani magani. Ya duba ko akwai sawun birki a kan kwalta, gama motar da ta bar hanya ba sawun birki, sau da yawa barci ne ko suma.