Yadda Mace Mai Jiki Za Ta Sayi Kayan Da Za Su Zauna Mata A Kaduna

Shawarar da aka saba ba mace mai jiki idan za ta sayi kaya ita ce ta nemi baƙi, ta nemi burmeme, ta yi haƙuri da abin da ta samu. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin ukun ba. Baƙin yadi mai kauri a zafin Maris da Afrilu na Kaduna azaba ne, burmemiyar riga kuwa ƙara wa mutum girma take yi, wuyanta yana zamewa, hammatarta tana saukowa har ciki. Abin da ke cutarmu shi ne gaskata lambar da aka liƙa a wuyan riga, alhali lambar nan ba ta da tabbas ko kaɗan. Saboda haka, 'yar uwa, ko daga Abakpa za ki fito, ko Unguwar Shanu, ko Kawo, kafin ki hau keke zuwa kasuwa ko ki tura wa wani kuɗi ta waya, ki fara mallakar tef ɗin awo irin na tela.

Duk mai sayar da zare da allura yana da shi, kuɗinsa ba wani abu ba ne. Amma ki duba shi kafin ki biya. Tef na gaskiya inci 60 ne, bayansa kuma santimita 150 ko da ɗoriya kaɗan, inci ɗaya yana daidai da santimita biyu da rabi. Akwai wani da ake shigowa da shi daga China wanda gefensa ɗaya awon can ƙasar ne, kowane gida ya haura santimita uku. Idan kika auna da shi za ki ga kin rame a takarda, kayan kuma su zo su ƙi shiga. Wadda kwankwasonta ya haura inci 60 ta nemi dogon tef irin na masu ɗinkin labule.

Awo shi ne wurin da aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Kada ki auna kanki da kanki. Da zarar kin ɗaga hannu ko kin sunkuya don ganin lamba, awon ya canza. Ki sa ƙanwarki ko 'yarki ko tela mace ta riƙe tef ɗin. Ki saka rigar maman da za ki riƙa sa kayan da ita, ki tsaya yadda kika saba tsayawa, kada ki haɗiye ciki, domin ba za ki wuni a gidan biki kina riƙe numfashi ba. A auna ƙirji a inda ya fi cika, tef ɗin ya zagaya baya a miƙe ba tare da ya zame ƙasa ba. A auna ƙarƙashin ƙirji. A auna ciki a inda ya fi fitowa, ba a siririn wurin da ke saman cibiya ba. A auna kwankwaso da mazaunai a inda suka fi faɗi. A auna daga kafaɗa zuwa kafaɗa ta baya. A auna tsawo daga kan kafaɗa, tef ɗin ya bi ta kan ƙirji ya sauka zuwa idon sawu. Idan aka bi ta gefe, rigar za ta ɗage ta gaba.

Saura guda biyu da kusan kowa ke mantawa, kuma su ne ke sa riga ta koma ƙasan akwati. Na farko damtse. Riga tana iya shiga ƙirji da ciki lafiya lau, ta zo ta tsaya a hannu, kuma hannun riga shi ne wurin da ya fi wuyar buɗewa a wajen tela, saboda yawanci ba a barin rara a cikinsa. Ki lanƙwasa hannu kaɗan a auna damtsen a inda ya fi kauri. Na biyu awon zaune. Ki zauna a kujera a sake zagaya ciki da kwankwaso. Jikin mai ƙiba yana bajewa idan ta zauna, bambancin yana kai inci biyu ko uku, wani lokaci ma fiye. Awon zaunen nan shi za ki rubuta a matsayin na siket da doguwar riga, don da kayan za ki zauna a tabarma, ki shiga keke, ki yi ruku'u da sujada.

Yanzu ki ƙara sarari. Yadin da ba ya miƙewa, irin atamfa da shadda da yawancin yadin abaya, yana bukatar ƙarin inci uku zuwa huɗu a ƙirji da kwankwaso, inci biyu a damtse. Sai ki raba lambar gida biyu. Misali ƙirjinki 48 ne: ki ƙara 4 ya zama 52, rabinsa 26. Ma'anar wannan ita ce duk rigar da aka shimfiɗa a tebur aka auna daga hammata zuwa hammata ba ta kai inci 26 ba, ba taki ba ce, ko me aka rubuta a wuyanta, ko wace rantsuwa mai shago ya yi. Don ki tabbatar, ɗauko rigar da ta fi zauna miki a cikin kayanki, ki shimfiɗa ta, ki auna ta haka nan. Lambobin su zo kusa da juna. Ki rubuta su a takarda ki sa a jaka, ki kuma ajiye hotonsu a waya.

Lambobin wuyan riga kuwa, ga yadda suke. Abayar Dubai da ta Saudiyya da ake rubuta wa 52, 54, 56, 58, 60, wannan tsawo ne da inci, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ba ruwansa da faɗi. Mata da yawa masu jiki suna sayen 60 da zaton ita ce babba, sai ta zo tana sharar ƙasa, ƙirji kuma ya matse. Ki zaɓi lambar da ta dace da tsayinki, sannan ki tambayi faɗi daban. Idan kina son ki huta da wannan lissafi, ki nemi abaya mai yankan malam-buɗe-littafi, wadda hannunta ya haɗe da jikinta, ita ba ta da matsalar hammata ko damtse. Kayan Ingila, waɗanda suke da yawa a gwanjo, suna tafiya 16, 18, 20, 22. Na Amurka lambarsu ta yi ƙasa da ta Ingila da huɗu, wato 18 ta Ingila ita ce 14 ta Amurka. Na Turkiyya da sauran ƙasashen Turai suna tafiya 44, 46, 48, 50, kuma 46 tana kusa da 18 ta Ingila. Na China kuwa, 3XL ɗinsu sau da yawa ba ya wuce abin da Ingila za ta kira L ko XL. Abin da ake ce masa mai shiga kowa, ki wuce shi kawai, ba da mu aka yanka shi ba.

Sayayya ta hoto ita ce yayi yanzu. Kundin da a da ake buɗawa a shagon tela ya koma cikin waya: masu kaya suna jera su a WhatsApp da Instagram, daga Kano, daga Legas, daga Abuja, wasu ma a nan cikin gari. Ba na hana ki, domin manyan lambobin da ba ki samu a shago sau da yawa a can suke. Amma hoton da kika gani a jikin siririyar yarinya ko a jikin gunki aka ɗauka, wani lokaci ma an tsuke rigar ta baya da maƙalli. Kada ki tambayi mai kaya ko zai yi miki, amsarta a shirye take: "Hajiya, zai yi miki har da saura." Ki ce mata: "Anti, don Allah shimfiɗa min ita, ki ɗora tef daga hammata zuwa hammata, da bakin damtse, da tsawo, ki turo min hoton da lambar ta fito." Mai sana'ar kirki ba ta jin haushin wannan. Wadda ta fara kame-kame, ki yi mata sallama. Ki nemi bidiyon yadin a hasken rana, ta ja shi ki ga ko yana miƙewa, ta ɗaga shi ki ga ko shara-shara ne. Ki kuma gama magana a rubuce kafin kuɗi su fita: idan bai yi ba za a canza? Wa zai biya kuɗin mota? Yawanci ke za ki biya, zuwa da komawa, kuma ke za ki je tashar Kawo ko Mando ki karɓo. Karon farko da kowace mai kaya, ki sayi guda ɗaya tak. Idan ta cika alkawari sai ki ƙara.

A kasuwa abin ya fi sauƙi tunda tef ɗin yana hannunki. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wato Babbar Kasuwa, nan ne wurin sababbin abaya da dogayen riguna da hijabi da kayan ciki. Mafi yawan shagunan ba su da wurin gwaji, don haka ki ce, "Malam, sauko min da ita in auna," ki shimfiɗa a kan kanta. Manyan lambobi su ke fara ƙarewa saboda kaɗan ake sarowa, to ki je da wuri, kada ki bari sai goman ƙarshe na azumi ko makon Kirsimeti. Idan kin sami mai shagon da ke da irin naki, ki bar masa awonki, ya kira ki ranar da kaya suka sauka. Farashi ba zan faɗa ba, yana bin dala, abin da kika saya da ƙaramar Salla ba shi za ki tarar da babba ba. Ki taya, kuma kada ki nuna rigar ta shiga ranki.

Ni dai Kasuwar Barci da ke Tudun Wada na fi so, kuma ba na jin kunyar faɗa. Gwanjon da ke fitowa daga Ingila da Amurka an yanka shi ne da sanin akwai mata masu jiki, ga auduga mai kyau da ke shan gumi. Siket, rigunan zaman gida, rigar sanyi ta hunturu, duk ana dacewa. Ki tambayi mai kaya ranar da yake fasa dila, ki je da safe. Ki duba hammata da tsakanin cinya, nan ne yadi ke fara cinyewa. Ki ja robar ƙugu ki ga ko tana komawa. Ki zuge zif sama da ƙasa. Kasuwar Kawo ta ranar Talata ma ana samun gwanjo.

Rigar mama ita ce ginshiƙin sauran, idan ba ta zauna ba babu rigar da za ta yi kyau a kanta. Lambarta awon ƙarƙashin ƙirji ce, harafin kuma girman mazubi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara lamba alhali harafi ne ya yi kaɗan, sai bayan ya riƙa hawa sama, igiya tana cin kafaɗa. Ki nemi mai faɗin igiya da maɓalli uku ko huɗu a jere. Lamba 40 ta Ingila ita ce 90 ta Turai, 42 kuma 95. Ki haɗa da gajeren wando na ciki mai laushi saboda gogar cinya lokacin zafi.

Kayan fita na biki da suna kuwa, ɗinki ya fi. Turmin atamfa yadi shida ne, falle uku, kuma ga mai jiki ba kullum yake isar riga da zani da ɗankwali ba, don zanin falle ɗaya ba ya zagayawa ya rufe yadda ya kamata. Ki sayi turmi da rabi a lokaci guda, a hannun mutum guda. Idan kika koma neman ciko daga baya, zanen zai zo ɗaya amma launin ya ɗan bambanta. Leshi yadi biyar ake sayarwa, ki lissafa da wannan. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, har da Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, atamfar da ta cika kasuwanninmu ta waje ce, yawanci daga China, kuma mai arahar cikinta wata ba ta cika yadi shida ba, wata faɗinta ya gaza. Ki sa a warware a auna a gabanki. Idan aljihu ya yarda, Vlisco ba ta ba da kunya. Idan bai yarda ba, Hitarget tana jure wanki. Ki guji ankon da aka yanka wa kowa yadi huɗu, ki faɗa wa uwar biki tun farko cewa naki sai an ƙara.

Wajen tela, ki ba shi awon zaune, ki ce ya bar rarar inci ɗaya da rabi a kowane gefe ta ciki, har da hannu, ya sa dogon zif, ya yi shafi da auduga ba da leda-ledar yadin nan mai riƙe zafi ba. Ki ba da kafin alƙalami, sauran sai kin gwada. Ranar gwaji ki zauna, ki ɗaga hannu biyu sama, ki miƙa su gaba, ki sunkuya. Duk inda ya ja, a buɗe shi kafin ki bar shagon.

Sabon kaya na auduga yakan tsuke a wankin farko, don haka ki wanke da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, kuma kada ki kai wa tela ragin tsawo sai bayan wannan wankin. Awon da ke jakarki ki sabunta shi kafin kowace Salla, da bayan haihuwa ko jinya.