Rai, Ruhi da Naman da Ke Motsi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta a Wudil ranar kasuwa, wato Juma'a, ya ga wannan abin mamaki: an yanka sa, an feɗe shi, amma tsokar cinyarsa tana ta motsi. Wani ɗalibi ya taɓa tambayata a aji, "Malam, ran ne bai gama fita ba?" 'Yan ajin suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin tambayar tana da nauyi.

Tsoka tarin ƙwayoyin halitta ce, kuma kowace ƙwaya tana da ɗan guzurin makamashi da ake kira ATP. Bayan yanka jini ya daina kai mata iskar oksijin, amma ba nan take guzurin ke ƙarewa ba. Idan wuƙa ta taɓa jijiya, sai tsokar ta harba. Bayan wasu sa'o'i guzurin ya ƙare, naman ya sandare. San ya mutu, ƙwayoyinsa ba su gama mutuwa ba. Akwai ma abin da ya fi wannan. Wata mata a Amurka, Henrietta Lacks, ta rasu a 1951, amma ƙwayoyin da aka ɗebo daga jikinta suna nan suna hayayyafa a ɗakunan bincike har yau.

To, suna da rai ke nan? A nan harshe ke yi mana tarko. Bahaushe yakan ce tsiro yana da rai, ya ce ransa ya ɓaci, ya kuma ce rai ya yi halinsa. Kalma ɗaya ce, ma'ana uku. Masanin halittu ta farko kawai yake nufi: ci, girma, numfashi da haihuwa, abubuwan da ake iya aunawa. Ta ukun ita ce ruhi, wanda aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta nuna cewa al'amarin Ubangiji ne. Babu ma'aunin da ke kama shi, kuma malamin kimiyyar da ya ce ya tabbatar da shi ko ya kore shi da na'ura, a ganina ya wuce gona da iri.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a Ihya'u Ulumiddin cewa kalmar ruhi tana da ma'anar da likitoci ke nufi, da kuma wata daban wadda ta shafi addini. Haka ya yi wa kalmar zuciya: akwai tsokar da ke cikin ƙirji, akwai kuma wadda ke sanin Allah.

Shi kuwa ɗalibin nan, sai da na tambaye shi wane rai yake nufi kafin na ba shi amsa.