Sauya wa Yaro Makwanci: Daga Gadon Jarirai Zuwa Nasa na Kansa

Uwargida, gadon jarirai mai shingen nan yana da iyakar lokacinsa. Ranar da kika ga ɗanki yana ɗora ƙafa a kan shingen zai tsallako, to gadon ya tashi daga kariya ya koma haɗari, domin da ka yaro yake faɗowa, ga shi ƙasan ɗakunanmu siminti ne ko tayil.

Yaushe za a sauya?

Yawanci tsakanin wata 18 ne zuwa shekara 3. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da ma'auni: idan tsayin yaro ya kai santimita 89, ko shingen ya tsaya masa a ƙirji in ya miƙe, lokaci ya yi. In bai kai ba, kuma ba ya hawa, kada ki yi gaggawa. Idan kina da juna biyu, ki sauya masa kamar wata 2 kafin haihuwa, don kada ya ga ƙaninsa ne ya ƙwace masa wuri. Kuma kada ki haɗa masa da yaye lokaci guda, abin zai yi masa yawa.

Wane irin makwanci?

Katifa a ƙasa ta fi komai kwanciyar hankali, ko ya mirgino babu abin da zai same shi. In gado ne, ya zama gajere, ki shimfiɗa abu mai laushi a gefensa. Ki duba kada a bar rata tsakanin katifa da bango, don yaro kan maƙale a ciki numfashinsa ya toshe. Gado mai hawa biyu kuwa, ba a kwantar da yaro a sama sai ya cika shekara 6.

Ga inda aikin yake

'Yar'uwa, da zarar shinge ya kau, yaro zai iya tashi cikin dare yana yawo kina barci. Don haka ki durƙusa daidai tsayinsa ki ƙare wa ɗakin kallo. Magunguna, maganin ɓera, fiya-fiya da kalanzir ɗin da ake zubawa a kwalbar lemo, duk a kulle su a sama. Kada bokitin ruwa ya kwana a ɗakin, ruwa kaɗan ma ya isa ya halaka yaro in ya faɗa da ka. Haka fulas ɗin ruwan zafi, kaskon turare da garwashin jin ɗumi lokacin hunturu. A toshe soket, a ɗage wayoyi. Ki sa maigida ya kira kafinta ya kafe sif da durowa a jikin bango, don yara na hawansu su rikito musu.

Kada ki manta da gidan sauro mai magani. Ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, igiyarsa kuma ta yi nesa da hannunsa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 su zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa kisa.

Yadda zai saba

Ki fara da barcin rana, ki ba shi mayafinsa da ya sani. Da dare ki riƙe tsari ɗaya: wanka, addu'ar barci, sai kwanciya. In ya taso ya biyo ki, ki mayar da shi cikin lallashi, ba tsawa ba duka, ko sau nawa ne. A hankali zai saba.

Allah Ya raya mana su, amin.