Shawarwari 7 Ga Gidan Da Ke Da Ma'aikacin Jin Ƙai

Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Batsari da Safana da ke bakin Dajin Rugu, akwai masu ɗauke da wani nauyi da ido ba ya gani. Su ne ma'aikatan jin ƙai da na lafiya, da ungozomomi, da masu kwantar da hankalin waɗanda aka sako bayan biyan kuɗin fansa. Wanda ya wuni yana sauraron matar da aka kashe wa miji aka kora shanunta, shi ma zuciyarsa tana gajiya. Masanin nan na Amurka Charles Figley ya fitar da littafi kan wannan gajiyar tausayi tun 1995, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar da nauyin aiki ke jawowa a matsayin matsalar da ya kamata a kula da ita. Idan akwai irin wannan ma'aikaci a gidanku, namiji ko mace, ga abin da za ku yi masa.

1. Ku gane alamun tun da wuri.
Rashin barci, mugun mafarki, saurin fushi da yara, ƙin abinci, duk alamu ne. Babbar alamar ita ce mutum mai tausayi ya ji labarin hari ya ɗaga kafaɗa kawai. Kada ku ce ya zama mai taurin zuciya, gajiya ce ta ci ƙarfinsa.

2. Ku ba shi rabin awa idan ya shigo.
A bari ya yi wanka, ya canja kaya, ya yi salla, ya ci tuwonsa. Maganar cefane da kuɗin makaranta ta jira, domin wanda ya huta ya fi ba da amsa mai daɗi.

3. Kada ku matsa masa ya ba da labarin aiki.
Abin da matar da aka ci wa zarafi ta faɗa masa amana ce, kuma garuruwanmu kowa ya san kowa. Ku tambaye shi yaya jikinsa, ya ci abinci ko bai ci ba. Idan ya so magana, ku saurara ba tare da neman suna ba.

4. A daina tura masa hotunan hari.
Abin da ya gani da rana ya ishe shi, ba sai an ƙara masa da bidiyon gawarwaki a WhatsApp da Facebook ba. Bayan sallar isha'i a ajiye waya nesa da shimfiɗa, a bar ta a kunne saboda kiran gaggawa kawai.

5. Zaure ba ofis ba ne.
Mabuƙata za su yi ta sallama a ƙofar gida har dare, kuma kunya ba za ta bar shi ya ƙi fita ba. Maigida ko wani babba ya fita ya karɓe su da mutunci, ya faɗa masu lokacin da za su same shi a wurin aiki. Maganar rai ce kaɗai za ta sa a tashe shi.

6. Ku yanka wa taimakon aljihu iyaka.
Da yawansu albashinsu na ƙarewa a kuɗin mota da maganin 'yan gudun hijira. Ku zauna tare ku ware abin sadaka a farkon wata, in ya ƙare ya ƙare. Ko rijiya, in ana ja ba hutawa, ƙafewa take yi.

7. Ku san lokacin zuwa asibiti.
Ku ƙarfafa masa guiwar zama da abokin aikin da ya amince da shi ko da sau ɗaya a mako, kuma ya ɗauki hutunsa na shekara. Idan rashin barci da ƙunci sun wuce mako biyu, ko ya fara neman sauƙi wajen ƙwaya, ko ya ce ya gaji da rayuwa, ku raka shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ba tare da jinkiri ba. A haɗa addu'a da magani, kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace.

Jama'a da dama sun dogara da wannan mutumin naku. Ku fara da shawara ta biyu yau da yamma, ko sisi ba za ta ci maku ba.