Nauyin Ɗan'uwa da Kayan Kansa

Ya kai mai karatu, watakila akwai wani a gidanku wanda ya hana ka barci: ƙane mai caca, ko uba mai shan giya. Ya ci bashi, kai ka biya. Ya yi abin kunya a kasuwa, kai ka tafi ba da haƙuri. In an tambaye ka, sai ka rufa masa asiri da ƙarya. Shekara da shekaru ke nan bai sake hali ba, kai kuwa ka rame. Yanzu da ka soma bin Almasihu, kana tsammani wahalan nan ita ce ƙauna, kana tsoro kada ka yi zunubi in ka bari.

Ka duba Galatiyawa sura 6. A aya ta 2 Bulus ya umarce mu mu taya juna ɗaukar nauyi, a aya ta 5 kuwa ya nuna kowa yana da kayan kansa. Ciwo, da yunwa, da gobara, nauyi ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Lalle ka sa hannu. Amma hakkin mugun aiki na mai shi ne. In kullum kai ne kake ɗauka, yaushe zai ji nauyinsa har ya tuba?

Ka tuna da Eli, firist na Shilo. 'Ya'yansa Hofni da Finehas suna ƙwace naman hadaya daga hannun masu sujada. Ya yi musu faɗa da baki, amma ya bar su a kan aikin, har Ubangiji ya tuhume shi da fifita 'ya'yansa bisa Allah. Rana ɗaya suka mutu a yaƙin Filistiyawa. Tsohon kuwa, mai shekara 98, da jin labarin ya fāɗi daga kujerarsa ya rasu. Uban nan na cikin Luka 15 bai bi ɗansa da guzuri zuwa ƙasa mai nisa ba. Yunwa ce ta komo da hankalin yaron, ya kuwa tarar da ƙofa a buɗe.

Saboda haka ka kira ɗan'uwanka a keɓe, ba cikin fushi ba. Ka gaya masa tuwo yana nan, in ya yi ciwo za ka yi jinyarsa, amma kuɗi a hannu da shaidar ƙarya sun ƙare. In mahaifinka ne, ka durƙusa ka faɗa da ladabi, gama girmama uba bai kai ga saya masa giya ba.

Dangi za su ce sabon addini ya sa ka yanke zumunci, maganan nan kuwa tana da zafi ƙwarai. Sai ka ƙara yawan gaisuwa, ka riga kowa zuwa gayya da jana'iza. Haushin da ya taru a zuciyarka kuma, kada ka ɓoye shi. Ka kai shi gaban Ubangiji cikin addu'a, ka kuma nemi wani dattijo mai riƙon asiri a cikin ikilisiya ka faɗa masa duka.