Tsamin Jiki Bayan Gudu

Mutane da yawa suna fara gudun motsa jiki da ɗoki. Ranar farko su yi ta zuba gudu har su gaji tilis. Kashegari cinya ta yi tsami, sha-raɓa ta sage, ruku'u da sujada ma sai da cije baki. Daga nan sai su ce gudu bai karɓe su ba, su ajiye takalmi.

Wannan tsami ba cuta ba ne. Tsokar da ba ta saba da aiki ba takan ɗan yayyage daga ciki, yagewar da ido ba ya gani. Jiki da kansa yake gyara ta, kuma bayan gyaran sai ta fi da ƙarfi. Tsamin yakan fara bayan awa 12 zuwa 24. Yakan fi tsanani a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya lafa. Gudu a gangara ya fi kawo shi.

Babban abin da ke rage shi shi ne farawa da kaɗan. A makon farko, yi sassarfa ta minti 1, ka yi tafiya ta minti 2, ka yi ta maimaitawa har minti 20. Kwana 3 a mako sun isa, tare da hutun kwana guda a tsakani. Idan kana gudu ka kasa yin magana saboda haki, saurin ya yi yawa. Rage. Kada kunyar matasan da ke wuce ka a fili ta sa ka biye musu. Su sun daɗe suna yi.

Kafin ka fara, ɗumama jiki. Mai babur ba ya tayar da inji da sanyin asuba ya fizge shi nan take, sai ya bari ya ɗau zafi. To, tsoka ma haka take, musamman da hunturu. Yi tafiya da sauri ta minti 5 zuwa 10. Ɗaga gwiwa sama, dama da hagu. Dafa bango ka riƙa lilo da ƙafa gaba da baya. Jujjuya idon sawu. Da ka ji ɗumi ya ratsa ka, sai ka fara.

In ka gama, kada ka zube ƙasa. Ci gaba da takawa a hankali na minti 5 har numfashi ya daidaita. Yanzu ne lokacin miƙa, tun jiki na da ɗumi. Dafa bango, ka mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya na ƙasa, har ka ji sha-raɓa ta ja. Ƙirga daga 1 zuwa 30, ka sauya ƙafa. Sannan ka tsaya, ka kamo ƙafarka ta baya, ka jawo dunduniya kusa da mazaunai don gaban cinya ya miƙe. Ja kawai za ka ji. In ka ji zafi, sassauta. Miƙa ba ta hana tsami gaba ɗaya, amma tana sa gaɓoɓi su saki.

Sa kambas mai taushi wanda bai matse yatsu ba, ban da silifas. Filin ƙwallo ya fi kwalta sauƙi ga ƙafar sabon shiga. Da bazara, fita bayan asuba ko dab da magariba. Sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Da azumi, bari sai an sha ruwa. Ƙosai, wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da nono suna ba tsoka abin gyara kanta, barci isasshe kuma yana ƙarasa aikin.

Idan tsamin ya riga ya zo, kwanciya wuni guda ƙara sagewa take yi. Tashi ka ɗan taka. Gasa wurin da ruwan ɗumi, ka yi tausa a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin "maganin gajiya" da ake saye a hannun masu talla. Tramol yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, ya kuma lalata rayuwar matasa da dama. Magunguna irin su ibuprofen suna iya taɓa ciki da ƙoda, balle ga wanda ya zubar da gumi bai sha ruwa ba. Tsamin da zai wuce da kansa cikin 'yan kwanaki bai kai a saka ƙoda cikin haɗari ba.

Amma akwai ciwon da ba a jira da shi. Idan gwiwa ko idon sawu ya kumbura, ko ka kasa taka ƙafa, ko ciwon ya wuce mako guda, je asibiti. Idan fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi, je a ranar. Ciwon ƙirji ko jiri ana cikin gudu kuwa, tsaya nan take a nemi taimako. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu, su fara ganin likita kafin su soma.