Idan Cututtukan Garkuwar Jiki Suka Taru a Jikin Mutum Guda

Daga cikin al'amuran da ke rikita majiyyaci da danginsa, har su kai ga munana zato ga likita, akwai halin wanda ya daɗe yana fama da ciwon gaɓoɓi, bana a ce masa amosani ne, baɗi a ce lufus ne, daga bisani fatar yatsunsa ta yi tauri a ambaci wata cuta ta uku, alhali kuwa mai yiwuwa babu wanda ya kuskure cikin waɗanda suka duba shi. Haƙiƙanin al'amari shi ne waɗannan cututtuka tushensu ɗaya: garkuwar da Allah Ya halitta domin tsaron jiki ita ce ke juyowa tana yaƙar fata da tsoka da gaɓoɓi da jijiyoyin jini, saboda haka biyu ko uku daga cikinsu kan taru a jikin mutum guda, ko dai lokaci ɗaya ko kuwa bi da bi.

Mafi shahara cikin wannan babi ita ce wadda likita Gordon Sharp na Amurka da abokan aikinsa suka bayyana a 1972, wadda ta haɗa alamomin lufus da na taurin fata da na kumburin tsoka, ana kuma tabbatar da ita da samun wani sinadarin garkuwa a jini mai yaƙar abin da ake kira U1-RNP. Masana sun yi saɓani a kan ko cuta ce mai zaman kanta, amma babu saɓani cewa mata ta fi kamawa nesa ba kusa ba.

Galibi takan fara ne da yatsu, waɗanda idan sanyi ya taɓa su, kamar a alwalar asuba cikin hunturu, sai su yi fari ko toka-toka, su mutu, sa'an nan su yi zogi yayin da jini ya komo. Kuma a fatar baƙin mutum wannan sauyin launi yana da wuyar ganewa sai an duba tafin hannu da farce. Bayan haka akan ga kumburin hannu, da ƙwannafi, da wahalar haɗiya, da raunin cinyoyi har tashi daga sujada ya zama aiki.

Abin da na fi damuwa da shi, ya mai karatu, shi ne huhu, domin hawan jinin jijiyoyin huhu yana cikin manyan sabubban ajali a wannan cuta, kuma yakan shigo a ɓoye, ba ya nuna kansa sai da ɗan haki wanda mai shi zai ɗauka gajiya ce. Don haka wajibi ne ga wanda aka samu da ita ya riƙa yin hoton zuciya da gwajin numfashi da na fitsari a kai a kai, ko da yana jin ƙalau, ya kuma nemi likitan gaɓoɓi a asibitin koyarwa, ya riƙe takardunsa duka wuri ɗaya, tunda magani yana bin gaɓar da cutar ta taɓa ne ko mene ne sunan da aka rubuta.

Ina kuma gargaɗi mai ƙarfi game da sayen firednisolon ko dezametazon a kemis ba da iznin likita ba. Sauƙinsu na nan take yaudara ne, suna jawo ciwon sukari da hawan jini da zaizayar ƙashi, ga mai taurin fata kuwa yawansu na iya taɓa ƙoda farat ɗaya. Wanda ya riga ya saba da su kada ya yanke kwatsam, likita ne zai rage masa sannu a hankali. Mai shan haidiroksikulorokwin ya riƙa kai idonsa a duba, macen da ke shan metotirezet kuma ta sanar da likita tun kafin ta nemi juna biyu, domin yana illata ɗan tayi. Domin kare yatsu kuwa, sai a yi alwala da ruwan ɗumi, a sa safar hannu cikin sanyi, a bar taba baki ɗaya.